Turbar Dawaki A Birnin Landan: Inda Aka Gina Wa Dokin Da Ya Faɗa Ruwa Mafita

Idan aka ambaci birnin Landan, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne fadar Sarkin Ingila, da katafaren agogon nan na Majalisa, da jajayen motocin safa masu hawa biyu. Ba kowa ba ne ya san cewa a arewacin birnin, a bayan gidaje da tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya, akwai wata siririyar hanyar ruwa wadda 'yan Adam suka haƙa da hannu fiye da shekara ɗari biyu da suka shige. Turawa suna kiran irin wannan hanya kanal, wannan kuwa sunansa Kanal ɗin Regent. Ya taso daga unguwar Paddington ta yamma, ya kewaye tsakiyar birnin ta arewa, ya je ya haɗu da kogin Tems a Limehouse ta gabas. Tsawonsa mil takwas da rabi da 'yan kai.

A gefen ruwan akwai wata turba wadda a yau masu yawon shan iska da masu kekuna suka mamaye. Mai tafiya a kanta, in yana da lura, zai riƙa ganin wani abu jefi-jefi: bakin turbar ya ɗan shige ciki kamar an gutsure shi, a cikin gurbin kuma an shimfiɗa duwatsu ko jan bulo, sun yi gangare sannu a hankali har sun nutse cikin ruwa. Yawancin masu wucewa ba su ko waiwayarsa, wasu kuma sukan zaci wurin saukar da kwale-kwale ne. Alhali kuwa domin doki aka gina shi. A da dawaki ne suke jan jiragen da ke bin wannan ruwa, kuma sukan faɗa ciki. Ta wannan gangare ne ake fitar da su da ransu.

ABIN DA YA SA AKA HAƘA

Kafin zuwan jirgin ƙasa, babbar matsalar da ta dami Ingila ita ce dako. Hanyoyin ƙasar ba su da kyau, da zarar an yi ruwa sai su koma taɓo. Dokin da aka labta wa kaya a baya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na tan guda. In an ɗaura masa keke, hanya kuma ta yi kyau, ya ja tan ɗaya ko biyu. Amma in aka zuba kayan a jirgi aka ɗora bisa ruwan da ba ya gudu, wannan dokin dai shi kaɗai zai ja tan talatin, yana tafe yana kaɗa wutsiya.

Wani basarake mai suna Francis Egerton, mai riƙe da sarautar Bridgewater, shi ne ya nuna wa mutanen ƙasar amfanin wannan lissafi. Yana da mahaƙar kwal a Worsley, masu sayen kwal ɗin kuwa suna birnin Manchesta. Sai ya ɗauki wani gwanin aiki, James Brindley, suka haƙa hanyar ruwa tsakanin wuraren biyu, aka buɗe ta a 1761. Ba a daɗe ba kuɗin kwal a Manchesta ya faɗi da rabi. Ganin haka attajirai suka yi ta kafa kamfanoni suna haƙa, har ya zama kafin jirgin ƙasa ya karɓe kasuwa, Birtaniya tana da hanyoyin ruwa na kusan mil 4,000. Wanda ya san magudanan da ke kai ruwa daga madatsar Tiga zuwa gonakin Kadawa ya san siffar abin. Bambancin shi ne na Ingila domin jirage aka yi su, kuma kusan kowanne da turbar doki a gefensa.

Na Landan ya zo daga baya. Majalisa ta ba da izinin haƙa shi a 1812. Shahararren mai zanen gine-ginen nan John Nash yana cikin jagororin kamfanin, injiniyan aikin kuwa James Morgan ne. An buɗe ɓangaren farko, daga Paddington zuwa Camden, a 1816, aka kammala sauran a 1820. An raɗa masa suna ne don girmama Yarima mai riƙon sarauta na lokacin, wanda daga baya ya zama Sarki Joji na Huɗu. Ta nan ne kwal da katako da kayan gini da hatsi suke shiga cikin birnin daga tashar jiragen teku, ta nan kuma kayan masana'antun tsakiyar Ingila suke fita.

Da yake ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, an gina matakalun ruwa goma sha biyu a kan hanyar, waɗanda suke sauko da jirgi ƙafa 86 daga Camden zuwa bakin kogi. Matakalar ruwa wani ɗaki ne na bulo mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a rage ruwan ciki ko a ƙara har ya yi daidai da na gaba, sa'an nan a buɗe ya wuce. Ma'anar wannan ga doki ita ce, duk inda aka tsaya, dole ya sake tayar da jirgin daga tsaye, wannan kuwa shi ne mafi wuyar aikinsa.

AIKIN DOKI A BAKIN RUWA

Mai son bin sawun dawakin nan sai ya fara daga wurin da ake kira Little Venice, inda Kanal ɗin Regent ya rabu da hanyar ruwan da ta nufi Birmingham. Wuri ne mai faɗi, da bishiyoyi a gefe, da jirage masu fentin ja da kore a jere. Galibinsu irin tsohon samfurin nan ne, tsawon ƙafa saba'in, faɗi ƙafa bakwai kacal, domin haka aka gina matakalun tsakiyar ƙasar. Yanzu gidajen kwana ne da shagunan shayi, amma irinsu ne a da suke dakon kwal.

Yadda ake jan jirgi shi ne, a sa wa doki wani kauraren abin wuya na fata, a haɗa shi da igiyoyi biyu da suka bi ta gefensa zuwa wata sanda a bayansa, daga nan doguwar igiya ta tafi zuwa wani ginshiƙi da ke cikin jirgin. Mutum ɗaya yana bayan jirgi yana riƙe da akalarsa, ɗaya kuma yana bin doki a ƙasa. Sau da yawa mai bin dokin yaro ne ƙarami, ko yarinya, domin tun da jirgin ƙasa ya karya kuɗin dako, masu jirage da yawa suka kwaso iyalansu suka koma zama a wani ɗan ɗaki da ke bayan jirgin, wanda tsawonsa bai kai ƙafa goma ba. Ana tafiyar mil biyu zuwa uku a sa'a, tun kafin gari ya waye har dare. Akan rataya wa dokin gwangwanin abinci a baki ya riƙa ci yana tafiya, da bazara kuma matan jirgi sukan saƙa masa hular kunne saboda ƙuda. A wasu hanyoyin alfadari ne ke yin aikin, a hanyar Worcester zuwa Birmingham kuwa an san masu jirage da haɗa jakai biyu.

Shaidar wannan aiki tana nan a jikin ƙarfe. Bayan an wuce ramin Maida Hill, an shiga gefen babban lambun Regent, kafin a kai gidan namun dajin da aka buɗe a 1828, akwai wata gada mai ginshiƙan ƙarfe da ake kira Macclesfield. A jikin ginshiƙan akwai zurfafan tsage-tsage kamar an yanka da zarto. Igiya ce ta yi su. Jiƙaƙƙiyar igiya mai ɗauke da yashi, in ta yi shekara da shekaru tana gugar wuri ɗaya, ƙarfe ma sai ta ci shi. A ranar 2 ga Oktoba, 1874, wani jirgi mai suna Tilbury da ke ɗauke da albarushi ya yi bindiga a ƙarƙashin gadar, ya rushe ta, ma'aikatansa suka halaka. Da aka tashi sake gina ta sai aka juya ginshiƙan, wurin da bai ci ba ya fuskanci ruwa. Shi ya sa a yau ake ganin tsage-tsagen ta fuska biyu.

YADDA DOKI KE FAƊAWA

Haɗarin yana cikin tsarin aikin kansa. Doki yana kan tudu, jirgi yana tsakiyar ruwa, saboda haka igiyar ba ta miƙe a bayansa sosai ba, a karkace take. Watau duk tsawon yini, yayin da yake jan jirgi gaba, jirgin ma yana fisgarsa gefe, wajen ruwa. Dokin da ya ƙware ya san yadda zai jingina jikinsa ya tokare. Amma in ya gaji, ko ƙafarsa ta zame a daidai lokacin da igiya ta ɗaure, babu abin da zai tare shi, domin ba a sa shinge tsakanin turba da ruwa, don kada ya riƙe igiya.

Akwai kuma gamuwar jirage biyu. Yawancin hanyoyin turba ɗaya ce gare su, mai tafiya da mai dawowa duk ita suke bi. In an gamu, sai ɗaya ya tsayar da dokinsa ya saki igiya ta nutse, ɗayan dokin ya tsallake ta, jirginsa kuma ya bi ta kanta ya wuce. In aka yi kuskuren lokaci, ko igiyar ta maƙale a ƙarƙashin jirgin da ke wucewa, to nauyin tan talatin ne zai fisgi dokin da ke tsaye ta baya, kafin ƙiftawar ido yana cikin ruwa.

Ƙarƙashin gadoji ma wurin tsoro ne. A nan turba takan tsuke ta yi kwana, ga duhu, ga danshi, duwatsun kuma takalman ƙarfen dawaki sun goge su sun yi santsi. Da hunturu ƙanƙara takan lulluɓe su. Ga kuma hazon Landan na wancan zamani, wanda hayaƙin kwal yake haɗuwa da shi ya yi kauri har mutum ba ya ganin abin da ke gabansa, balle bakin ruwa.

Daga baya sai aka sami sabon abin firgita. A 1837 jirgin ƙasa ya fara tashi daga tashar Euston, hanyarsa kuwa ta haye kanal ɗin a daf da Camden. Tashar King's Cross ta biyo baya a 1852, ta St Pancras a 1868, dukansu hanyoyinsu sun gitta wannan ruwa. Doki dabba ce mai saurin zabura. Yana tafe kansa a sunkuye, sai kan jirgi ya ratsa ta samansa da rugugi, yana fesa tururi da tartsatsi, ya kuma tsala kuka. Dokin da ya yi tsalle gefe a kan turbar da faɗinta bai wuce 'yan ƙafafu ba, bango ne a hannu ɗaya, ruwa a ɗaya hannun. Wannan ne ya sa mai lura zai ga cewa sau da yawa gangaren ceto yana kusa da gadar jirgin ƙasa, kamar wanda ke kan hanya kafin a isa matakalun Camden.

YADDA AKE CETO

Mai karatu yana iya cewa, ai doki ya iya iyo, kuma zurfin kanal ba ya wuce ƙafa huɗu ko biyar a yawancin wurare, me zai hana shi fitowa da kansa? Amsar tana ga bakin ruwan. A karkara, inda gaɓar ƙasa ce mai gangare, doki yakan yi fafutuka ya hau. A cikin birni kuwa an gine gaɓar da bulo ko dutse a tsaye cak kamar bangon rijiya. Kofato ba shi da abin kamawa a jikin bango. Ƙasan ruwan laka ce mai riƙe ƙafa. Kayan da ke jikinsa sun sha ruwa sun yi nauyi, igiyoyi suna iya naɗe masa ƙafafu. Nauyin babban dokin dako ya fi rabin tan, ba abin da mutum biyu ko uku za su ciccibo ba ne. Dokin da ya firgita zai yi ta kai wa bango hari yana komawa har ƙarfinsa ya ƙare, in da hunturu ne kuwa sanyin ruwan ya gama da shi tun kafin gajiya.

Saboda haka abin farko shi ne raba shi da jirgi. Jirgin ruwa ba shi da birki. Ko da mai jansa ya faɗi, zai ci gaba da sulalewa, yana iya bi ta kan dokin ko ya matse shi da bango. Mai riƙe da akala zai karkatar da jirgin nesa da gaɓa, a kwance igiya, in ta ƙi a sa wuƙa. Abu na biyu shi ne kama kan dokin. A kamo ragamarsa daga kan turba, in hannu bai kai ba wani ya faɗa ruwan, a ɗaga hancinsa sama, a riƙa yi masa magana da muryar da ya saba ji har hankalinsa ya kwanta. Doki ya san muryar mai shi, kuma a irin wannan hali ba abin da ke kwantar masa da hankali kamarta.

Abu na uku shi ne a juya shi ya daina fuskantar bango, a ja shi a hankali yana bin gefen gaɓa, wani wuri da tafiya wani wuri da iyo, zuwa gangare mafi kusa. Ma'aikatan ruwa sun san inda kowane gangare yake kamar yadda suka san ƙofar ɗakinsu, sun san ko gaba za a yi ko baya. An gina gangaren ne a cikin gurbin turba, yana bin tsawon ruwan, don kada ya tare wa jirage hanya, don kuma dokin da ake jansa ta gefen bango ya taka shi ba tare da ya yi kwana mai wuya ba. Ƙasansa yana nutse, saboda haka ƙafafun gaba sukan same shi tun dokin yana cikin ruwa. Shimfiɗar kuma ba sumul aka yi ta ba, an bar mata kaushi inda kofato zai kama. Da zarar doki ya ji ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, sauran aikin shi zai yi da kansa.

Fitowa daga ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Dole a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a goge jikinsa da busasshiyar ciyawa da ƙarfi, a lulluɓe shi da bargo ko buhu, a riƙa zagayawa da shi don jininsa ya motsa, sa'an nan a kai shi barga a ba shi dusa mai ɗumi. Akwai bargogin haya a bakin hanyoyin ruwa, galibi a jikin masaukai da wuraren lodi. Abin da ake gudu shi ne sanyi ya shige shi ya zama ciwon huhu.

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙwazon masu ceto, in babu gangare a kusa, aikinsu yakan zama na jan dabba da igiya da katako a kan bango, abin da kan ƙare da karaya ko mutuwa. Abin da ke ceton dokin an gina shi ne tun shekaru kafin ya faɗa, lokacin da wasu suka zauna suka yarda cewa faɗuwar nan za ta auku ko ba jima ko ba daɗe, suka ware kuɗi da bulo dominta. Ba a Landan kaɗai ba, ana samun irin waɗannan gangare a wasu hanyoyin, kamar wadda ta haɗa Leeds da Libaful, mai tsawon mil 127.

TAUSAYI KO RIBA?

Kada a ɗauka cewa tausayi ne zalla ya sa kamfanoni suka yi wannan aiki. Dokin da ya mutu a tsakiyar ruwa yakan tare hanya, jiragen da ke baya su yi cirko-cirko, kuɗin fito kuwa da shi kamfani yake rayuwa. Ga mai jirgi ɗaya tilo, doki shi ne injinsa kuma shi ne rabin jarinsa. Ranar da ya rasa shi, ranar ce abincin iyalinsa ya tsaya. Amma kuma zamanin da aka buɗe Kanal ɗin Regent shi ne zamanin da mutanen Ingila suka fara duban haƙƙin dabba da idon doka. A 1822 Majalisa ta zartar da dokar da wani wakili mai suna Richard Martin ya kawo, wadda ta haramta zaluntar dawaki da alfadarai da jakai da shanu da tumaki. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, Sarauniya Biktoriya ta ba ta lambar sarauta a 1840. Abin mamaki, dokar kula da lafiyar iyalan da ke kwana a cikin jiragen ba ta zo ba sai a 1877, bayan doguwar gwagwarmayar wani mutum mai suna George Smith na garin Coalville.

A Camden akwai wata shaidar ta yadda tausayi da riba suka haɗu. A cikin kasuwar da ta bunƙasa a wurin tun shekarun 1970, inda matasa ke cinikin tufafi da abinci, akwai wani dogon gini na bulo da aka yi a 1883, sunansa har yau Asibitin Dawaki. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya gina shi domin ɗaruruwan dawakin da ke jan kekunan kaya a tashar lodin da ke bakin kanal ɗin. Har ramuka aka yi musu ta ƙarƙashin ƙasa don su riƙa zuwa aiki ba tare da sun tsallake hanyar dogo ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wanda yake son sanin abin da faɗuwar dabba ɗaya take nufi ga mai ita, sai ya ji labarin Joe Skinner da matarsa Rose. Suna cikin na ƙarshe a Ingila da suka ci gaba da dakon kwal da jirginsu na kansu ba tare da inji ba, a hanyar ruwan Oxford. Sunan jirgin Friendship, mai jansa kuwa wata alfadara ce, Dolly. Wata rana ta faɗa cikin kanal. An fitar da ita, amma sanyi ya riga ya shige ta, ciwon huhu ya kama ta, ba ta tashi ba. Daga nan tsofaffin biyu suka ajiye sana'ar a 1959. Jirgin yana nan an adana shi a gidan tarihin hanyoyin ruwa da ke Ellesmere Port, kusa da Libaful.

DAGA CAMDEN ZUWA BAKIN KOGI

Daga Camden turba ta gangara ta bi ta bayan tashar King's Cross. A nan, a bakin wani tafkin lodi da ake kira Battlebridge, akwai gidan tarihin kanal na Landan, wanda aka buɗe a 1992. Asalin ginin rumbun ƙanƙara ne na wani ɗan kasuwa mai suna Carlo Gatti, wanda yake shigo da ƙanƙara daga ƙasar Norwe tun kafin a ƙago firiji, ana ajiye ta a manyan rijiyoyi biyu da ke ƙarƙashin ginin. Dawakin da ke rarraba ta a gari a saman bene suke kwana, kuma gangaren da suke hawa yana nan.

Gaba kaɗan sai turba ta ƙare a bakin ramin Islington, mai tsawon yadi 960. Ba a yi wa doki hanya a ciki ba. A nan ake kwance shi, yaro ya ja shi ya haye tudu ta cikin titunan unguwa, su je su jira a ɗaya bakin. Mutanen jirgi kuma su kwanta a kan katako su riƙa taka bangon ramin da ƙafa suna tura jirgin cikin duhu. A 1826 aka kawo jirgin tururi mai bin sarƙa ya karɓi wannan wahala. Mai tafiya a ƙasa a yau ma dole ya haye tudun kamar yadda dawaki suka yi, sa'an nan ya sake samun ruwan, ya bi shi ta gefen lambun Biktoriya, ta Mile End, har zuwa tafkin Limehouse, inda a da jiragen teku ke sauke kaya, yanzu kuwa jiragen shaƙatawa ne da dogayen gidaje suka kewaye shi.

Dawaki sun daɗe a wannan turba fiye da yadda mutum zai zata. Jirage masu inji sun yawaita tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta karɓi hanyoyin ruwa a 1948, aka kawo ƙananan taraktoci suna bin turbar, amma sai a 1956 doki ya ja kayan kasuwa na ƙarshe a Kanal ɗin Regent. Shekara 136 ke nan tun daga ranar da aka buɗe shi. Tsananin hunturun 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da hanyoyin ruwa har makwanni, ya kori sauran masu ba da dako zuwa ga motoci. Tun daga 2012 wata ƙungiyar amintattu mai suna Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales. A 'yan wurare kaɗan, kamar Llangollen a Wales da Tiverton a kudu maso yammacin Ingila, an riƙe al'adar jan jirgi da doki domin masu yawon buɗe ido.

Gangaren ceto kuwa, wasu an cike su lokacin gyaran turba, wasu suna nan, gansakuka ta rufe duwatsunsu, agwagin ruwa suna hawa su sha rana. Ba a rubuta sunayen dawakin nan a jikin bango ba, duk da cewa a wuyansu aka jawo kwal da bulon da aka gina wani babban sashe na birnin da su. Abin da ya rage nasu shi ne tsage-tsagen igiya a jikin ƙarfe, da waɗannan 'yan gurabe a bakin turba. Duk wanda Allah ya kai shi Landan, ya sami rarar yini guda, ya sauka a tashar Camden Town ya gangara bakin ruwa ya nufi yamma. Tafiyar 'yan mintoci ce zuwa gadar jirgin ƙasa. Ya riƙa duban gefen ƙafarsa, zai ga inda aka bar wa doki hanyar fita.